Wanda yake jiran yunwar Allah a zaune zai daɗe yana jira

'Yan'uwa a cikin Almasihu, ku da kuka halarci zumuntar ranar Laraba kun ji abin da wani ɗan'uwa ya faɗa, cewa shi ba ya tsayar wa addu'a lokaci sai ran da Ruhu ya motsa shi, wai tsayar da lokaci bin shari'a ne irin na Farisiyawa, wato Yahudawan zamanin Yesu masu tsananta bin dokokin addini. Maganar ta dame ni, amma yawan waɗanda suka amsa da amin ya fi damuna, domin wannan koyarwa ce take busar da zukatan masu bi da yawa ba tare da sun sani ba.

Sabo ne yake haifar da yunwa. Mara lafiyar da ya daina jin marmarin abinci ba a barinsa sai ran da ya nema, ana ɗaga kansa ne a ba shi cokali ɗaya, a jira, a ƙara masa wani, har cikinsa ya fara nema da kansa. Haka ruhun mutum yake da Maganar Allah.

A duba Daniyel 6:10. Da Daniyel ya ji an sa hannu a dokar hana addu'a, sai ya hau ɗakinsa na sama mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba. Ƙarfin halin da muke yabo a bakin ramin zakokin da aka jefa shi saboda wannan addu'a, a kan gwiwoyinsa ya tara shi tun ba wanda yake kallo. Ubangiji Yesu kansa, a Markus 1:35, ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa, bayan daren da dukan gari ya taru a ƙofar gidan da ya sauka. Luka 22:39 ya shaida cewa zuwa Dutsen Zaitun ma al'adarsa ce. Idan Ɗan Allah yana da wurin addu'a da lokacinta, wane ne ni da zan ce na wuce wannan?

Za a ce ai da alheri aka cece mu. Gaskiya ne, kuma Bulus da ya koya mana haka shi ne ya umarci Timoti ya hori kansa ga ibada, a 1 Timoti 4:7. Za a ce babu lokaci. Bisharar Markus sura 16 ce kawai, kuma surori 1,189 na Littafi Mai Tsarki suna ƙarewa cikin shekara ga mai karanta uku ko huɗu a rana.

Ni kaina na yi watanni ina buɗe Zabura da asuba zuciyata a bushe, idanuna suna bin layi ba na jin komai, kafin ƙishirwar da Zabura 63 take magana a kanta ta kama ni.

Ga masu karatu a waya kuma, ina roƙonku ku kashe intanet kafin ku buɗe nassi, domin na sha ganin saƙo ɗaya ya shigo a tsakiyar aya, mutum ya bi shi bai komo ba har gari ya waye.