Ɓeran Rumbun Unguwa

Bayan sallar la'asar, a wata ranar Asabar cikin watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a gidaje, sabo kuma bai nuna a gona ba, kwamitin rumbun unguwa ya zauna a zauren Mai Unguwa, a wata unguwa ta cikin birnin Kano. Abin da suke kira rumbu wani ɗan ɗaki ne a jikin masallaci, inda kowane gida yake kawo gwangwani ɗaya na hatsi duk ranar Juma'a, domin a riƙa taimaka wa waɗanda tukunyarsu ta daina hawa murhu.

SAKATARE: Ranka ya daɗe, kamar yadda kowa ya sani, mun kafa wannan rumbu ne bayan an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau, kayan masarufi suka bi bayansa, har ta kai a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, mutane a nan Kano suka koma cin afafata, shinkafar da a da kifi ake zuba wa.

MAI UNGUWA: Sakatare, duk wanda yake cikin zauren nan cikinsa ya karanta masa wannan rahoto tun kafin hukuma ta rubuta shi. Ka gaya mana abin da ya tara mu.

SAKATARE: To, ranka ya daɗe. A littafi muna da gero buhu uku, kowane buhu kwano 40, wato kwano 120 ke nan. Da muka auna jiya da dare, kwano 103 muka tarar. Kwano 17 sun yi ɓatan dabo, kuma tun da ban san sunan da zan rubuta a gabansu ba, sai na rubuta cewa ɓera ne ya ci.

LADAN: Ni dai kada kowa ya dube ni. Makullin yana wurina, gaskiya ne, amma a ƙarƙashin matashina yake kwana, kuma tun da aka ba ni shi ban taɓa buɗe ɗakin nan ba sai da shaidu biyu.

JAURO: Aradu, ranka ya daɗe, ina so a nuna mini wannan ɓera in gaishe shi. A rugarmu ɓera daga ƙasa yake huda buhu, ya ci, ya watsar da saura, ya bar kashi. Amma ɓeran da zai kwance bakin buhu, ya auni kwano 17 cif, ya mayar da igiya ya ɗaure, ya kuma share wurin, lallai wannan ɓeran birni ne, kuma ya yi makaranta.

Nan take idanun kowa suka koma kan Malam Ci-ma-zaune, wanda ba ɗan kwamiti ba ne, amma bai taɓa fashin zama ba.

CI-MA-ZAUNE: Subhanallahi! Me zai kai ni sata da dare, alhali da rana ana auna mini a gaban kowa?

SAKATARE: Wannan ma wata magana ce da nake so a duba, ranka ya daɗe. A cikin sunaye 46 da muka rubuta na mabuƙata, sunan Malam Ci-ma-zaune ya fito sau huɗu.

CI-MA-ZAUNE: Ai ba ni na tsara ba. Allah gafarta Malam, kashi nawa ne masu cin zakka?

LIMAN: Takwas ne, kamar yadda ya zo a aya ta 60 cikin Suratut Tauba: faƙirai, da miskinai, da ma'aikatan da suke tattara ta, da waɗanda ake lallashin zukatansu, da 'yantar da bayi, da waɗanda bashi ya danne, da sha'anin ɗaukaka addinin Allah, da matafiyin da guzurinsa ya yanke.

CI-MA-ZAUNE: Madalla. Ni faƙiri ne, wannan ba ya buƙatar shaida. Miskini ne ni, domin haka mahaifiyata take kirana tun ina yaro. Bashi kuwa, a tambayi mai shayi da mai kanti. Sannan gidana yana can ƙarshen layi, kusa da kududdufi, duk lokacin da na iso nan guzurina ya riga ya yanke. Na ma yi kara ne da na tsaya a huɗu, domin zuciyata ita ma tana buƙatar lallashi.

LIMAN: Malam, matafiyin da ake nufi shi ne wanda ya yi nisa da garinsu. Kai kuwa daga ɗakinka kana jin tarin Ladan kafin ya fara kiran sallah.

ALHAJI ƘANƘAMO: Ranka ya daɗe, ni ina ganin a bar dogon bincike. Tun da Sakatare ya ce ɓera ne, ni na ɗauki nauyin kawo kyanwa, fi sabilillahi, da sharaɗin kwamiti ne zai riƙa ciyar da ita.

MAI UNGUWA: Allah ya saka da alheri, Alhaji. Amma kafin kyanwar ta iso, ina labarin buhun masarar da ka yi mana alkawari tun watan azumi?

ALHAJI ƘANƘAMO: Ai na kawo shi, kowa ya gani.

SAKATARE: Kowa ya gani, ranka ya daɗe, har waɗanda suke ƙasar waje sun gani a Facebook. Sau uku ana sauko da buhun daga mota, Alhaji ya dafa shi da hannun dama, a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi mota saboda wai hasken bai yi kyau ba. A zuwansa na ƙarshe na lura buhun ya rame, domin ƙwari sun riga mabuƙata fara cin sadakar.

LIMAN: Alhaji, a bar zancen alkawari, a zo kan wajibi. Duk wanda ya noma hatsin da ya kai wusƙi biyar, wato sa'i 300, zakka ta hau kansa ranar girbi. Idan ruwan sama ne ya shayar da gonar, ɗaya cikin goma zai fitar, idan kuwa da wahalar ban ruwa aka noma, ɗaya cikin ashirin. Gonarka ta damina ce, kuma bara mun ga motocin da suka kwaso amfaninta.

ALHAJI ƘANƘAMO: Allah gafarta Malam, ruwan sama ya sauka, ban musa ba, amma gumin da na zuba a gonar nan ya fi ruwan saman yawa, saboda haka a ganina ban ruwa ce. Kuma hatsin ma ba ya hannuna, yana ajiye a Dawanau, ina jiran kasuwa ta gyaru.

JAURO: Wato kana jiran ta ƙara lalacewa ga masu saye.

SAKATARE: Alhaji ya dai tuna cewa a watan Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Jihar Kano ta garƙame wasu rumbuna a wannan kasuwa bisa zargin ɓoye abinci.

ALHAJI ƘANƘAMO: Nawa ajiya ce, ba ɓoyo ba. Kuma me ya sa aka sa ni gaba ni kaɗai? Ga Jauro nan da garke guda, wa ya taɓa ganin zakkarsa?

LIMAN: Wannan gaskiya ne. Jauro, shanu idan sun kai 30 ana fitar da maraƙi guda. Naka nawa ne?

JAURO: Ashirin da tara ne, Allah gafarta Malam.

LIMAN: Shekara bakwai ke nan ina tambayarka, kullum ashirin da tara. Shin ba sa haihuwa ne?

JAURO: Suna haihuwa mana, amma duk wadda ta haihu ta Inna ce, ita kuwa Inna tana can wajen Adamawa, ba ta cikin wannan unguwa. Sai dai ni duk Juma'a ƙwaryar nono tana zuwa rumbu, kuma ba a taɓa mayar da ita mota don haske bai yi kyau ba.

ALHAJI ƘANƘAMO: To, ga shawara. A daina wannan rabo na ɓoye-ɓoye. A kafa rumfa a filin makaranta, a ɗauko lasifika, a yi shela kowa ya zo, ni kuma in tsaya in miƙa da hannuna.

MAI UNGUWA: Wannan kam ba za a yi shi a unguwata ba. A watan Disambar 2024, cikin mako guda, mutane da dama sun rasa rayukansu a turmutsitsin rabon kayan abinci a Ibadan da Abuja da Okija, har da yara ƙanana. Mai jin yunwa ba a tara shi a fili a ce ya yi layi. A koma kan ɓera.

Ana cikin haka sai Gwaggo, tsohuwar da take sayar da kuka da daddawa a bakin injin niƙa, ta yi sallama ta shigo, ta ajiye wani kwano a gaban Mai Unguwa.

GWAGGO: Ranka ya daɗe, na ji an ce ana neman ɓera, shi ne na kawo kaina, ga kuma kwanon da ɓeran yake awo da shi.

LADAN: Gwaggo! Ta ina kika samu makulli?

GWAGGO: Ɗan nan, makulli a ƙarƙashin matashinka yake kwana, amma matashin matarka ce take kaɗe shi, kuma kai idan ka yi sallar isha'i ka kwanta, ko gidan aka ɗaga ba ka sani ba.

MAI UNGUWA: Gwaggo, wannan magana babba ce. Ina kika kai dukiyar jama'a?

GWAGGO: Inda littafin Sakatare bai kai ba. Shi yana rubuta wanda ya zo ya faɗa da bakinsa, ni kuwa a bakin inji nake wuni, na san gidan da ya kwana uku bai aiko da niƙa ba, na san yarinyar da a da take sayen daddawa kullum, yanzu sai ta ratse ta bayan layi don kada mu haɗa ido. Akwai dattijon da ya yi shekara talatin yana koyar da 'ya'yanku, kullum rigarsa a goge, yana fitowa da tsinken sakace a baki don a ce ya ci, alhali rabon gidansa da tuwo tun ranar Talata. Akwai wadda ta fita takaba da marayu biyar, da magariba sai ta hura wuta ta ɗora ruwa zalla, domin maƙwabta su ga hayaƙi. Waɗannan ko za su mutu ba za su zo gaban Sakatare su faɗi sunansu ba. Gida shida ne, na kai musu bayan kowa ya kwanta, na ajiye a soro na juyo.

SAKATARE: To, ki ba ni sunayensu in shigar.

GWAGGO: Da ina so a shigar da su, ai da rana zan je.

LIMAN: Ranka ya daɗe, hanyar da ta bi wajen ɗaukar makulli ba daidai ba ce, amma mutanen da ta nufa su ne waɗanda aya ta 273 cikin Suratul Baƙara ta siffanta, waɗanda wanda bai sani ba yake zaton mawadata ne saboda kamun kai, ba sa naci wajen roƙon mutane. Sayyidina Umar ma da dare ya saɓa buhun gari a bayansa ya kai wa matar da ya tarar tana dafa wa 'ya'yanta ruwa. A yanka wa Gwaggo nata makullin, a haɗa ta da mutum ɗaya amintacce da zai riƙa ƙirga kwanon.

MAI UNGUWA: Haka za a yi. Daga yau kashi ɗaya cikin uku na rumbun nan na rabon dare ne, kuma Alhaji, da buhunka za a fara, abin da ƙwari suka rage.

ALHAJI ƘANƘAMO: Na yarda, ranka ya daɗe, ba don komai ba sai don lada. Sai dai ina tambaya: Sakatare, wayar nan taka tana ɗaukar hoto a cikin duhu?

SAKATARE: Ba ta ɗauka, Alhaji. Ranka ya daɗe, saura littafi. Kwano 17 ɗin nan, in goge ɓera in rubuta me?

MAI UNGUWA: Kada ka goge. Ka buɗe masa shafi na musamman, duk wata a riƙa fitar masa da kasonsa.

CI-MA-ZAUNE: Ranka ya daɗe, tun da abin ya zama haka, ina roƙon a soke sunana daga wurare huɗun nan, a mayar da ni shafin masu kunya. Gidana ne na ƙarshe kafin kududdufi, ƙofar soron ba ta da sakata, kuma Gwaggo, idan kin zo kada ki wahalar da kanki da sanɗa, za ki same ni a zaune ina jira da buhuna.