The Nerves: samari uku da wasu suka ci moriyar waƙarsu

Duk wanda ya san kiɗan Turawa na ƙarshen shekarun 1970 zai ce maka waƙar "Hanging on the Telephone" ta ƙungiyar Blondie ce, domin su ne suka fitar da ita a 1978 har ta kai matsayi na 5 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ba kasafai ake ambaton waɗanda suka fara rera ta ba.

Sunan ƙungiyarsu The Nerves, kuma a birnin San Francisco na Amurka suka haɗu a 1974: Jack Lee yana kaɗa jita, Peter Case yana riƙe da jitar bes, Paul Collins kuma yana buga ganguna, sannan kowannensu yana rubuta waƙa yana rerawa. Da babu babban kamfanin da ya kula su, sai suka buga ɗan ƙaramin faifai da kansu a 1976, mai waƙoƙi 4 kacal. A zamanin da manyan ƙungiyoyi ke jan waƙa ɗaya har ta kusa minti 10, su tasu ba ta kai minti 3 ba: jita ta shigo da zafi, amshi ya kama kunne nan take, kafin ka ankara an gama. Wannan salo ne ake kira power pop, kuma a ganina har yau da wuya a sami faifan da ya fi wannan nuna yadda ake yin sa.

A 1977 suka koma Los Angeles, suka zaga Amurka da Kanada da guminsu, sanye da kwat iri ɗaya, har suka buɗe wa ƙungiyar Ramones fage. A 1978 suka watse ba tare da sun fitar da cikakken kundi ko ɗaya ba.

Ban yarda a kira wannan gazawa ba. Case ya kafa ƙungiyar The Plimsouls, Collins ya kafa ƙungiyar The Beat, kuma dukansu sun ci gaba da wannan salo. Wanda lamarinsa ya fi taɓa ni shi ne Lee, marubucin waƙar "Hanging on the Telephone", domin a 1983 ma mawaƙi Paul Young ya sake yin suna a Birtaniya da wata waƙar da shi ya rubuta, alhali shi kansa har ya rasu a 2023 jama'a kaɗan ne suka san muryarsa.