Tsirrai da sankarar mama: tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da gadon majinyaciya

Ba a cika daɗewa ba tare da an ji cewa masu bincike sun tatso wani sinadari daga ganye ko saiwa, ya kashe ƙwayoyin sankarar mama a ɗakin gwaji. Dole irin wannan labari ya faranta rai, tun da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 kaɗai an gano cutar a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000. Abin da ke damuna shi ne yadda labarin ke isa kunnen mai ciwo tamkar an riga an samo magani.

Babu mai musun cewa akwai waraka a jikin tsirrai, kuma maganin sankara mai suna Taxol shaida ne. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wata bishiya a dazukan arewa maso yammacin Amurka, a 1971 masu bincike Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarin sinadarin da ke cikinsa, sai a 1979 wata mai bincike, Susan Horwitz, ta gano cewa yana daskarar da ƙwayar sankarar ne har ta kasa rabuwa gida biyu. Ba a amince a ba mata masu sankarar mama shi ba sai a 1994, wato bayan shekara 32. Duk da haka, har gobe sai an auna tsawon mace da nauyinta kafin a ƙayyade abin da za a ɗura mata ta jijiya, kuma gashinta na zubewa, yatsunta na yin sanyi da mutuwa. Abin da ke da ƙarfin kashe sankara yana da ƙarfin cutar da mai ita, ko da daga itace ya fito.

A farantin ɗakin gwaji, sinadari yana haɗuwa da ƙwayar sankarar gaba da gaba. A jiki kuwa sai ya ratsa hanji, ya tsira daga hanta, ya isa ƙullutun sankarar da ƙarfinsa. Nan ne sinadarin kurkum ke cin tura, domin ɗan kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini.

Babbar asarar ita ce ta lokaci. Wani bincike na Jami'ar Yale ta Amurka da aka buga a 2018 ya gano cewa mata masu sankarar mama da suka ƙi maganin asibiti, suka dogara ga wasu hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau biyar. Ba na zargin matar da tsoron tiyata ko rashin hali ya tura ta neman sauƙi. Laifin yana wuyan mai sayar mata da kwalba da alƙawarin da ba shi da hujjarsa.

A ci gaba da binciken tsirrai, a ma ƙara masa kuɗi. Amma duk wanda zai ba da labarinsa, ɗan jarida ne ko masani, wajibi ne ya faɗa ƙarara ko a faranti aka yi gwajin, ko a kan ɓeraye, ko a kan mutane. Majinyaciya kuma ta sanar da likitanta duk wani jiƙo da take sha, domin akwai tsirran da ke sa hanta ta yi saurin wanke maganin sankara daga jini tun bai yi aikinsa ba.