Kowa ragon suna yake tambaya

Tun da cikin matata ya fito fili, tambayar mutanen Damagaram guda ce: "Malam, an tanadi rago kuwa?" Ko mutum ɗaya bai tambaye ni kuɗin da za a riƙe a hannu daren naƙuda ba.

Ai naƙuda ba ta jiran ƙarshen wata. Tsakar dare take zuwa, sai ka nemo abin hawa, mai shi kuma ya ga kana cikin matsi ya ninka kuɗi. Gaskiya ne tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, amma in magani ya ƙare a likita, takarda za a miƙo maka ka nufi farmasi da aljihunka. Ga itacen wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma. Ga kunun kanwa, ga nama don mai jego ta samu ruwan nono, ga sabulu da ba ya kwana.

Amma gwaggona, Allah ya ƙara mata lafiya, har ta zaga kasuwar Dole ta zaɓo atamfar anko. Na ce, "Gwaggo, a bari ta sauka lafiya tukuna." Ta ce rowa ce ke damuna.

Ragon zan yanka, sunna ce. Kuɗin adashen da nake zubawa kuwa na haihuwa ne. Mai son anko ya ɗinka da nasa.