Masu zagayawa da baƙi a Istanbul, ku ji tsoron Allah

Wallahi abin da ke ban haushi da 'yan gaid ɗin nan shi ne gaggawa, ka biya kuɗinka ka zo Turkiyya a watan Oktoba, zafi ya wuce ga iska mai daɗi, amma mutum ya ɗaga 'yar tutarsa yana ta haydi haydi, wato maza maza da Turkanci, kamar mai kora awaki. Aya Sofiya fa, masallacin nan da a da coci ne, ginin da aka gama tun shekarar 537, ko ɗaga kai ka ƙare wa ƙubbar kallo ba a bari ba wai lokaci ya ƙure. To ina lokacin ya tafi? Shagon kafet! Nan kam babu sauri, a zaunar da ku a kawo shayin tuffa a ɗan kofi ana ta shimfiɗa darduma ɗaya kan ɗaya har ka ji kunyar fita hannu rabbana, shi kuwa gogan yana gefe yana lissafin la'adarsa.

Tsibirin Buyukada ma haka, jirgin ruwa ya fi awa ɗaya daga tashar Kabatash da ke cikin Istanbul, mun sauka ke nan, ga tsofaffin gidajen katako, ga kekunan haya tunda ba a yawo da motar gida a can, ai ko keken ban gama daidaita sirdinsa ba ya hau kiran a dawo jirgi zai tashi. Haba malam!