Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Da zarar muhawara ta yi zafi a intanet sai ka ji wani ya ce, "Ai waɗannan akawun ukun duk mutum ɗaya ne, ba ko shakka." Ni dai kullum tambayata guda ce: da me ka gane?

Yawanci amsar ita ce lambar IP, wato adireshin da na'ura ke shiga intanet da shi. To, tsohon tsarin IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal a cikinsa, bai ko kai yawan mutanen duniya ba. Shi ya sa kamfanonin sadarwa ke cusa kwastomomi masu ɗimbin yawa a bayan adireshi guda. A farkon 2007 Wikipedia ta toshe adireshi ɗaya saboda masu ɓarna, ashe kusan duk ƙasar Katar ta nan take shiga. An so hukunta mutum ƙalilan, aka rufe wa ƙasa ƙofar gyara rubutu a shafin na wasu sa'o'i. Shi kuwa mai mugun nufin, ya kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye adireshinsa ta ba shi na wani wuri, cikin minti ɗaya ya koma wata nahiya.

Imel ma haka. Gmail ba ya lissafa ɗigon da ke cikin suna, don haka akwati ɗaya zai iya yin rajista sau da yawa, kowanne da kamarsa daban. Lambar waya? Layi ba wuyar samu yake ba.

Kada a ce ƙananan shafuka ne kawai abin ya gagara. Facebook, da duk kuɗinta da injiniyoyinta, a rahotonta na 2019 ƙiyasi ta yi cewa kusan kashi 11 cikin ɗari na masu shiga duk wata akawun ne na biyu ko na uku na mutum ɗaya. Ƙiyasi fa, ba ƙidaya ba.

Na taɓa riƙe aikin tantance masu rajista a wani shafi, kuma na yi kuskuren da har yau yake cina. Akawun biyu, adireshi ɗaya, kwamfuta ɗaya, kullum bakinsu ɗaya a kowace magana. Na rufe duka biyun ina jin na yi bajinta. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: mutum ne da ƙanwarsa, kwamfutar gidansu guda ce. Na buɗe, na ba da haƙuri, amma ita ba ta sake rubuta ko kalma ɗaya ba.

Wasu za su ce a tilasta wa kowa nuna katin shaida, a huta. Koriya ta Kudu ta gwada hakan tun 2007. A 2011 aka sace bayanan mutum kusan miliyan 35 daga shafukan Nate da Cyworld, a 2012 kuma kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar. Ni ban ga hikimar tara sirrin kowa wuri guda don kama mutum biyar ba. Kuma ba duk mai akawun biyu ne mugu ba: wani kalmar sirri ya manta, wata kuwa gudun mai bibiyarta take yi.

Abin da na ga yana tona asiri shi ne hali, zanen dutse. Kalmar da mutum ke rubutawa ba daidai ba kullum, inda yake ajiye waƙafi, lokacin da yake barci. Sai dai wannan yana son haƙuri na makonni, kuma ko shi zato ne mai ƙarfi, ba hujja ba.

Mutum ɗaya tak na taɓa kamawa dumu-dumu, kuma ba dabarata ba ce. Ya yi dogon rubutu, ya so ya yaba wa kansa da ɗayan akawun ɗin, ya manta bai sauya ba. Sai ga sunansa a ƙarƙashin rubutunsa yana cewa, "Gaskiya Malam ka burge ni."