Sabunta Word: wa zai biya kuɗin takardar da ta lalace?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da kamfanin Microsoft ya daina kula da Office 2016 da 2019 (kunshin manhajojin ofis da Word, manhajar rubuta takardu, ke ciki) tare da Windows 10, ake ta kora mutane zuwa sabuwar manhaja, suna so ko ba sa so. Wanda ya ƙi, a tsorata shi da 'yan kutse. Wanda ya bi, ya buɗe Word ya tarar an sauya wa kayan aikinsa mazauni. In ya yi ƙorafi, amsa ɗaya ce ke jiransa a bakin masu ji da kansu a harkar kwamfuta: "Ai za ka saba." Wannan amsar ce ta ishe ni.

Mu ɗauki duba shafi kafin a buga. A Word 2003, har ma da na 2007, wurin duban nan zaman kansa yake yi. Takarda ta cika fuskar kwamfuta, ka jera shafuka da yawa ka ƙare musu kallo lokaci guda. In ka hango kuskure, ka kashe madubin ƙara girma, ka gyara nan take ba tare da ka fita ba. Akwai kuma wani ɗan maɓalli da ke tsuke rubutu ya rage shafi ɗaya, domin layi biyun nan da ke tsallakawa shafin ƙarshe su zauna su kaɗai. Da Office 2010 ya zo, sai aka haɗe duban da umarnin bugawa a ƙarƙashin File. Yanzu in ka danna Ctrl da P, shafin na raɓe a gefe guda, kallo kawai za ka yi, ba ka iya taɓa ko wasali ɗaya. Ka fita, ka gyara, ka dawo, ka sake dubawa. Abin takaicin, ba a cire tsohon duban daga cikin manhajar ba. Yana nan, shi da maɓallin tsuke shafin, an binne su a dogon jerin umarnin da sai wanda ya san da su zai je ya tono. In suna da illa, me ya hana a cire su? In ba su da ita, me ya sa aka ɓoye?

Masu cewa za a saba, ina jin sun daɗe ba su leƙa shagunan buga takardu na bakin ƙofar jami'o'inmu da harabar kotuna ba. A can ne har yanzu ake samun Word 2007 yana aiki, sai ranar da kwamfutar ta mutu aka sayo wata. Janareta na ta shan mai, ɗalibi na tsaye a kan mai bugawa da kundin bincikensa, yana cewa, "Don Allah ranka ya daɗe, yau ne ranar ƙarshe." Malaminsa ya ƙayyade faɗin gefe, ya ƙayyade tazarar layi, kowane babi ya fara a sabon shafi. Aka danna bugawa, jadawali ya rabe biyu, kan babi na uku ya maƙale a gindin shafi, lambobin da ke shafin ƙunshiya suka daina dacewa da na ciki. Takarda ta tafi, tawada ta tafi, kuma mai shago ne zai haɗiye asarar, domin ɗalibi ba zai biya sau biyu ba. A wurin mutumin nan duba shafi kuɗi ne, kuma sanin inda kowane maɓalli yake ba tare da ya kalla ba shi ne jarinsa.

Ba kuma duban kaɗai aka taɓa ba. A 2007 an rushe tsofaffin jerin umarni aka kawo Ribbon, wato faffaɗan layin maɓallan da ke saman shafi, aka sauya zubin haruffa na asali daga Times New Roman zuwa Calibri, aka buɗa tazarar layi. A 2013 aka sake taɓa tazarar. Daga 2023 aka ture Calibri aka ɗora Aptos, girman haruffa ya tashi daga 11 zuwa 12. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya inda layi zai karye da inda shafi zai ƙare. Ka rubuta wasiƙa da Aptos a sabuwar kwamfutar ofis, ka kai ta shagon da tsohuwar manhajarsa ba ta san Aptos ba, sai ta musanya shi da wani zubin, shafi ɗaya ya koma ɗaya da rabi. Ga kuma tsohuwar matsalar girman takarda: manhajar da aka girka da tsarin Amurka takan zo da ma'aunin takardarsu, alhali A4 ce a cikin firintarmu.

Mu masu rubutu da Hausa namu ya fi ciwo. Ba kowane zubi ne ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. In babu su, manhajar ta aro daga wani wuri, ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Wanda ke iya kama irin wannan kafin takarda ta fito shi ne wanda aka ba shi babban dubi, kuma aka bar shi ya gyara a wurin.

Za a ce an yi sauye-sauyen ne bisa nazarin yadda miliyoyin mutane ke amfani da manhajar. Miliyoyin da suke tura takarda ta imel, waɗanda rabonsu da firinta an jima, ba su ne za su yanke wa mai ci da bugu hukunci ba. Za a kuma ce tsaro ne. Toshe kafar 'yan kutse daban, kwashe maɓalli daga inda hannu ya san shi daban, kuma haɗa su a ƙunshi ɗaya tilastawa ce kawai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inda kamfanin ya zuba ƙarfinsa. A Janairun 2025 ya cusa Copilot, mataimakinsa mai ƙirƙirarriyar basira, cikin Microsoft 365 (Office ɗin da ake biyan kuɗinsa wata-wata ko shekara-shekara) na ɗaiɗaikun mutane da na iyali, ya ƙara kuɗi. A Amurka na mutum ɗaya ya tashi daga dala 6.99 zuwa 9.99 a wata. An samu wurin da za a liƙa alamar ƙirƙirarriyar basira a gaban idon kowa, amma an rasa wurin maɓallin da akawu ke buƙata sau da yawa a yini. Wannan zaɓi ne aka yi da gangan, kuma an yi shi ne ba tare da tunanin talakan mai shago ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A sa zaɓi ɗaya a fili wanda zai mayar wa mutum tsohon tsarinsa, kuma sabuntawa ta daina taɓa zubi da tazarar da ya riga ya tsayar. Jami'o'inmu da ma'aikatu su riƙa karɓar PDF, wanda shafinsa ba ya motsi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Hukumomin da ke biyan kuɗin lasisi duk shekara kuma su gwada LibreOffice, wani madadin Office wanda kyauta ne, ko da a sashe ɗaya ne, kafin su sake sa hannu a wata kwangilar.